Bakin kaza farce ne ko yatsa?

Maman Khalifa (Auyo): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah agaji nake nema. Kajin ƙwaina guda 300, satinsu 15, tun shigowar zafin nan suka fara caccakar juna, har biyar suka mutu, duk ta baya aka huda su. Shekaranjiya na kira wani yaro ya yanke musu baki. To tun daga ranar ba sa cin abinci. Sai kaza ta zo gaban mazubi, ta sunkuya, ta ɗan taɓa, ta ja da baya tana girgiza kai. Yau da safe gawa bakwai na kwashe. Ga hotuna nan. Me zan ba su?

Ado Direba: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya.

Alhaji Sabo mai ƙwai (Haɗeja): Wa alaikumus salam. Da me ya yanka?

Maman Khalifa: Wuƙa ce yake sawa a garwashi sai ta yi ja, Alhaji. In ta huce bai cika mayar da ita ba, sai ya ci gaba a haka don sauri yake, wai yana da wani aikin a Kafin Hausa.

Alhaji Sabo: Ai ga shi nan a hoto na biyu, ya kusa kai wa hanci. Ganganci ya yi miki. Ba a wuce kashi ɗaya cikin uku na bakin sama. Ki cika mazubi taf yadda ba za su riƙa bugun ƙasansa ba, ki sa musu bitamin a ruwa, mai K a ciki saboda jinin. Amma kada wannan ya tsorata ki da yankan baki. Shekara 18 ina yi. Baki ai ƙaho ne, kamar farcenki yake, in an iya yanka kaza ba ta ma san an yi ba.

Nura (Kafin Hausa): Maganin da Alhaji ya faɗa daidai ne, Anti ki bi shi. Ki ƙara da jiƙa abincin ya yi laushi kamar ɗanwaken da bai shiga tukunya ba, kaɗan-kaɗan don kada ya yi tsami, ki kuma cika mazubin ruwa sosai. Sai dai Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganar farcen nan ina da ja a kanta.

Ado Direba: Tofa. Likita ya sauka.

Nura: Ɗalibi dai, Yaya Ado, saura shekara biyu. Abin da ido ke gani a waje, ɓawon nan mai tauri, gaskiyar Alhaji ne. Da shi da farce da ƙaho da kofato duk jirgi ɗaya ya kwaso su, keratin ake ce wa sinadarin. Amma kube ne kawai. A cikinsa akwai ƙashi, tsakanin ƙashin da kuben kuma akwai wata fata mai rai, cike da hanyoyin jini da jijiyoyi. Wa ya taɓa yanke farce daidai ya ga jini? Amma dubi ƙirjin kajin Anti a hoto.

Alhaji Sabo: Don ya zarce ne, ɗana. Farcen ma in ka zarce ai jini yake yi.

Nura: Haka ne. To amma inda abin yake, a bakin tsuntsu tsinin nan da ake fara cirewa shi ne wurin da ji ya fi taruwa. Bari in yi bayani a hankali, a yi haƙuri da tsawo.

Da farko Hausarmu ta sa wa abu uku riga ɗaya. Ta jini jijiya, agara jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Ta ukun nake nufi. Ita wannan in ta zo ƙarshenta a cikin fatar baki, da yawa ba a tsirara take ƙarewa ba, sai ta shige cikin wani ɗan ƙullutu. Ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su fi kaurin silin gashi ba, sai an yanka bakin siriri-siriri, an rina, an sa a madubin likita kafin a gan su.

Na farko sunansa ƙullutun Herbst, sunan Bajamushen da ya bayyana shi a 1848. Ranar da aka fara nuna mana shi a ɗakin gwaji, wallahi albasa na gani an raba biyu. Jijiya a tsakiya kamar zuciyar albasar, sai ɓawo a kan ɓawo a kan ɓawo sun zagaye ta, da ɗan ruwa-ruwa a tsakaninsu. Amfanin ɓawon shi ne tacewa. In abu ya danne bakin ya zauna shiru, ɓawon da ruwan su shanye nauyin, jijiyar ta yi tsit. Amma in abu ya motsa, ko ya yi tsuma, ko tsakuwa ta ɗan karta, nan take saƙo ya wuce. Shi ba ruwansa da abin da ke zaune, sai abin da ya canja.

Ado Direba: Wato ɗan rahoto ne, sai an motsa yake kai gulma.

Nura: Ka gama bayanin, Yaya Ado. Na biyu kuma na agwagi ne da dangin dinya, ƙullutun Grandry, wani likita ɗan Beljiyam ya gano shi a 1869. Shi ba albasa ba ne. Ku ɗauka gurasa biyu ce aka kifa ɗaya a kan ɗaya, aka shimfiɗa tsire a tsakani. Gurasar manyan ƙwayoyin halitta ne guda biyu, wani lokaci uku ko fiye a jere, tsiren kuma ƙarshen jijiya ne da ya baje ya zama faifai. Duka an naɗe su a jaka guda. Ya fi na Herbst kusa da saman fata, kuma motsi mai taushi yake kamawa, kamar sulɓin abu a gefen baki.

Kaza ba ta da irin na agwagwa sak. Nata Herbst ne da wasu da ake kira na Merkel. Amma a tsinin bakinta na ƙasa akwai 'yan tsirai kamar 15 zuwa 20 a jere, kowanne cike da waɗannan ƙullutai, sun kutsa cikin kuben har kusa da waje. Da su take bambance tsabar gero da yashi.

Alhaji Sabo: Da ido take bambancewa. Rufe mata ido ka gani ko za ta ci.

Nura: Da ido take zaɓa, ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma lura da ita in ta ɗauki abu. Sai ta ɗan jujjuya shi a tsinin baki, wani ta haɗiye, wani ta yar. A lokacin abin yana ƙarƙashin hancinta, ba ta ganinsa.

Malama Binta (Malam Madori): Ina biye da ku daga ɗakin malamai. Nura, abin da kake faɗa akwai ɗan'uwansa a jikinmu, kuma shi nake koya wa 'yan aji biyar. Albasar nan muna da ita a tafin hannu da tafin ƙafa, ta Pacini ake ce mata. Mai kama da gurasar kuma tana kan yatsu, ta Meissner. Duk matar da ta taɓa tsintar shinkafa 'yar Hausa a tire da magariba, wuta ta ɗauke, ta san yatsa na gane tsakuwa kafin ido. Tsuntsu dai hannunsa ya tafi a fiffike. Da me zai taɓa duniya in ba da baki ba? Da shi zai ci, da shi zai gyara gashi, da shi zai juya ƙwai, da shi zai yi sheƙa.

Habu (Guri): Salamu alaikum. Na karanta wa Baba abin da ake yi, ya ce in rubuta nasa tunda an hana saƙon murya a zauren nan. Ga abin da ya ce:

"Ka gaya wa yaron nan ɗan makaranta ban san Bature mai albasa ba, amma abin da ya faɗa na gani da idona. Shekarata ta fi 50 a kan ruwa. Kirinjijiya, agwagwar dajin nan, da dare take kiwo. In ka kwana a kwalekwale a bakin kacala, ba farin wata, kana jin su caɓal-caɓal-caɓal a cikin taɓo, ruwan da ko da rana ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Amma in aka kama ɗaya aka feɗe, abin da za a tarar a wuyanta tsaba ce zalla, 'ya'yan bado, shinkafar da ta zube, 'yar katantanwa. Ba laka. Mace mai rege shinkafa a ƙwarya ba ta kai ta tsafta ba. Tun ina yaro nake cewa tsuntsuwar nan da ido a bakinta, ana yi mini dariya."

Ado Direba: Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni duk ƙundun da na taɓa ci sai da aka wanke tsakuwa a ciki.

Habu: Baba ya ce wannan da gangan take haɗiya, ita ce dutsen niƙanta tunda ba ta da haƙori. Ya ce kai dai ci ka sani.

Nura: Baba ya biya ni, Allah ya ja kwana. Duk mai agwagwa a gida ya kama ɗaya ya buɗe bakin ya duba. Gefe da gefe akwai wasu 'yan haƙora-haƙora kamar na matsefi. Harshen kuma kauri gare shi, yana aiki kamar famfo: ta zuƙo ruwa da laka ta gaba, ta tura su fita ta gefe, matsefin ya tare abin da ke ciki. Sannan a can tsinin akwai wani ɗan tauri mai kama da farce. In ka duba cikinsa da kyau a haske, a bakin-bakin, za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar an soka allura. Kowane ɗigo kan wani siririn bututu ne, a cikin bututun kuwa gurasar nan da albasar nan ne a jere, na Grandry ta wajen sama, na Herbst ta wajen gindi. Fatar da ta rufe sauran bakin, mai laushin nan, ita ma cike take da su, haka dasashi da harshe. Sun fi cunkushewa a tsini da gefuna, daidai inda abinci ke bi.

Duk saƙon kuma babbar jijiyar fuska ce ke kwasa ta kai ƙwaƙwalwa, irin wadda ke sa mutum kuka in haƙori na ciwo. A agwagwa, sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon baki ƙato ne in an gwada da na kaza.

Malama Binta: Shi ya sa masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka koma kan agwagwa don su fahimci yadda yatsan mutum ke ji. Abin da ya burge ni, tun ɗan agwagwa na cikin ƙwai ƙullutan nan sun riga sun fara aiki. Ga mai kiwo ba abin mamaki ba ne. Tamu ta gida kwana 35 take kwanci, ana ƙyanƙyashewa ba a jima ba ka gan su a kwatami suna lalube, ba wanda ya koya musu. Kuma masu binciken sun samu cewa mafi yawan jijiyoyin bakin agwagwa na ɗauke da wata 'yar ƙofa mai suna Piezo2, wadda dannawa ke buɗe ta. Gano wannan ƙofar ne ya sa aka ba Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021.

Maman Khalifa: Ni dai duk na ji, amma kajina. Maƙwabciyata ta ce in daka barkono in zuba a ruwansu, wai yana buɗe musu ciki. Ina tsoron kada ya shiga ciwon ya ƙara musu azaba.

Nura: Ba zai yi musu yaji ba Anti, kuma ba zai warkar da komai ba. Tsuntsaye ba sa jin yajin barkono yadda muke ji, abin da ke kama yajin a jijiyarmu nasu bai damu da shi ba. Shi ya sa kaji ke wa shanyar tattasai da barkono ɓarna hankali kwance. Ki bar ruwan da bitamin kawai. Waɗanda bakinsu ke tsattsafar jini ki ware su, don kaza in ta ga ja ba ta haƙuri. Na bayan da aka huda ki shafa musu shuɗin maganin mikin nan da ake kira jibi (GV).

Malama Binta: Wanda ya gano abin kama yajin nan, David Julius, shi ne ma suka raba Nobel ɗin tare.

Alhaji Sabo: To na ji karatu, kuma na ƙaru, ba na raina ilimi. Amma bari in faɗi nawa, don wanda ke cikin rana shi ya san zafinta. Shekarar da na fara, wani ya ba ni irin shawarar nan ta tausayi, na bar kaji 500 da bakinsu. Da suka fara ƙwai, watan azumi ne, ana tsakiyar zafi. Kaza za ta yi ƙwai, bayanta bai gama komawa ba, 'yar'uwarta ta hango ja ta kai sara. Kafin ka ankara goma sun taru a kanta, suna jan hanjinta tana tafiya da ranta. Na shiga bayan la'asar na tarar da abin da har yau ba na son tunawa. A sati biyu na rasa sama da 60. Nura, wannan kazar da ake ci da rai, ita ba ta da albasar ne? Wanne ya fi, zafin yini biyu ko wannan?

Nura: Wallahi ban raina wannan ba, Alhaji, na ga irinsa a gonar da na yi aikin hutu. Inda muka rabu shi ne "yini biyu". Ya danganta da lokacin da aka yanka. Wani mai bincike a Sikotilan, Michael Gentle, ya daɗe yana aiki a kan wannan. In aka yanke wa kaza baki bayan ta girma, jijiyoyin da aka datse suna ƙoƙarin sake tsirowa, su rasa hanya saboda tabo, sai su cukurkuɗe su zama ƙulli a dungulmin. Ƙullin nan yakan riƙa aika saƙo ba tare da an taɓa shi ba, irin abin da ake samu a dungun mutumin da aka yanke wa hannu. Kajin sukan yi makonni suna rage koto da gyaran gashi. Amma in ɗan tsako ne ɗan kwanaki, aka cire kaɗan, yawanci yakan warke ba tare da wannan ƙullin ba. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce in za a yi wa kajin ƙwai, to kafin su cika kwana 10. Manyan wuraren ƙyanƙyasa kuma yanzu da wani haske mai zafi suke yi tun ranar farko, ba wuƙa ba jini, tsinin ya bushe ya faɗi da kansa bayan sati ɗaya zuwa uku. Nowe da Suwidin da Finlan ma sun hana gaba ɗaya tun tuni. Na Anti satinsu 15, da wuƙar da ta huce.

Alhaji Sabo: Su da suka hana, ɗakinsu a rufe yake ruf, su ke kunna haske su rage yadda suka so, ga sanyi. Mu namu waya ce gefe da gefe, ranar Haɗeja na shiga har tsakar ɗaki. In na rufe, zafi ya kashe su kafin azahar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ɗana.

Nura: Wannan kam gaskiya ce, ba ni da amsarta duka. Abin da na sani, haske mai ƙarfi na cikin abin da ke tayar da caccaka, da cunkoso, da zafi, da abincin da aka rage masa waken suya ko gishiri don a yi arha. Sai kuma zaman banza. Kazar da ke sake a gida fiye da rabin yininta a tone-tone da koto yake ƙarewa. Bakin nan mai cike da jijiya an halicce shi ne ya yini yana aiki. Ka kulle ta a kan siminti, ta cika ciki a minti 20, sauran yinin me za ta taɓa? Sai gashin maƙwabciya.

Maman Khalifa: Nawa a kan siminti suke, dusar katakon ta yi tsada na rage. Kuma ɗakin na 200 aka gina.

Alhaji Sabo: To ai kin ji. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Isuhu: Assalamu alaikum. Ban so sa baki ba don ni tattabaru gare ni. Amma hadisi ya tabbata cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wanda zai yi yanka an ce ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. In dabbar da za ta mutu yanzu an ce a sauƙaƙa mata, ina ga wadda za ta rayu shekara guda da bakin tana yi maka ƙwai? Ban ce haramun ba ne, malamai sun yi magana a kan ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Amma sai an tabbata ita ce ƙaramar.

Alhaji Sabo: Allah ya gafarta Malam, ni nawa a kwana 7 zuwa 10 nake yi, da na'urar lantarki, ni da kaina nake tsayawa a kai. Kada a mayar da ni azzalumin zaure.

Malam Isuhu: Subhanallah, ba da kai nake ba Alhaji. Da mai wuƙar garwashi nake.

Ado Direba: Wanda ke sauri zai je Kafin Hausa. Nura ka duba ko maƙwabcinku ne.

Shugaban zaure: Jama'a kada a kama suna, kada a sa lambar kowa. Wanda ya turo tallan buhunan masara kuma na goge, ranar Juma'a ake talla.

Habu: Baba ya dawo daga masallaci, ya ce a tambayi ɗan makaranta. Akwai 'yan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafa da siririn baki da ke sauka a fadama da hunturu, dubbai, bayan an yanke shinkafa, zafi na shigowa su ɓace. Ya ce ya taɓa samun ɗaya da zobe a ƙafa da rubutun boko. Yana ganinsu suna soka baki a danshi da sauri-sauri kamar keken ɗinki. Ya ce agwagwa dai tacewa take, su waɗannan me suke ji?

Nura: Baba ya taɓo inda ya fi daɗi. Baƙi ne, daga Turai da arewacin Rasha suke zuwa, su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, har da wajen Baturiya. Zoben masu bincike ne ke sawa don a san hanyarsu. Danginsu in aka cire kuben bakin aka duba ƙashin tsinin, za a gan shi da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, kowane rami cike da ƙullutun Herbst.

Akwai wani ɗan'uwansu na bakin teku, wanda ke hunturu a gaɓar Muritaniya. Wani ɗan Holan mai suna Theunis Piersma da abokan aikinsa sun gwada shi, suka fitar da sakamako a 1998. Suna binne 'yar katantanwa a bokitin yashi, tsuntsun ya soka baki ya gane akwai abu a ciki ba tare da bakin ya taɓa ta ba. Yadda abin yake, in ya soka baki a jiƙaƙƙen yashi, yana tura ruwan da ke tsakanin yashin. In ba komai a kusa, ruwan ya watsu ko'ina daidai. In akwai abu mai tauri a gefe, ruwan ya tokare a can, sai matsin ya fi yawa ta wannan ɓangaren, albasar da ke ramukan nan ta ji bambancin. Da aka ba shi busasshen yashi sai ya kasa. Kuma in dutse aka binne maimakon katantanwa, shi ma yana gane akwai abu, amma bai iya raba su.

Habu: Baba ya yi dariya, ya ce ashe masunci ne. Ya ce shi ma in yana lalube a ruwa yana jin tarwaɗa ta gifta kusa da ƙafarsa ba ta taɓa shi ba, ruwan ne ke gaya masa. Ya ce shi ya sa ba ka ganinsu a inda ƙasa ta tsage, kullum suna bin bakin ruwa yana ja suna binsa.

Nura: Haka ne Baba. Dangin jinjimi masu lanƙwasasshen baki su ma suna da ramukan nan, kuma an gwada wani irinsu a Afirka ta Kudu aka ga ya fi samun abinci in ƙasa da danshi. Aku ma yana da nasa a cikin tsinin baki, shi ya sa yake ɓare gyaɗa ya yar da ɓawo har da jar rigar. Jimina ma, da ake cewa komai ta samu haɗiyewa take, masu bincike a Firitoriya sun samu ƙullutun Herbst jingim a tsinin bakinta da wani tudu da ya ratsa tsakiyar dasashinta.

Ado Direba: Jiminar da ta haɗiye wa wani mutumin garinmu makullin babur? To ta ji shi sarai, mugunta ce.

Malama Binta: Nura, tambaya. Ni kajina bakwai ne na Hausa, ba na yanke musu komai. Amma wata tsohuwar kazar gidan gona da na saya, mai yankakken baki, ita kaɗai ƙwarƙwata ta addaba. Akwai alaƙa?

Nura: Akwai, Malama. An gwada an gani, masu yankakken baki sun fi tara ƙwarƙwata da wasu ƙananan ƙwarin jiki. Bakin sama da na ƙasa sun daina haɗuwa daidai, ga tsinin da ke jin ɗan ƙwaro a gindin gashi babu shi. Kamar a ce ki yi tsifa da safar hannu.

Alhaji Sabo: Wannan na yarda, ina gani a nawa. Hoda nake sa musu.

*Bayan kwana tara*

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Na ce bari in dawo da bayani kada a ce na ci na goge baki kamar kajina. Gaba ɗaya 23 na rasa bayan yankan. Sauran sun koma ci, amma jiƙaƙƙe suka fi so, busasshen sai su yi ta watsar da shi. Na sayar da 60 don ɗakin ya sarara, na rataya buhu ta gefen yamma, ina kuma ɗaure musu ganyen zogale da kabeji a igiya suna ta tsalle. Caccakar ta tsaya. Wasu dai bakin ƙasa ya fi na sama tsawo, kamar cokali, in sun sha ruwa yana zubowa. Nura, zai sake tsirowa?

Nura: Alhamdu lillah. Kuben zai ɗan ƙaru Anti, ya yi dungu-dungu, amma waɗanda aka kai kusa da hanci ba zai dawo yadda yake ba, kuma ƙullutan da suka tafi da tsinin ba sa komawa kamar da. Ki riƙa ɗaga waɗannan kina jin nauyinsu, in ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa ki ware su da mazubinsu daban. Ƙwai kuma zai iya ɗan jinkiri.

Alhaji Sabo: Zubi na gaba ki kira ni tun suna sati ɗaya, in turo miki yarona da na'ura, ba ko sisi.

Nura: Ko ki tambayi dilan 'yan tsakin ko akwai waɗanda aka yi wa da haske tun daga wurin ƙyanƙyasa. Ko kuma ki zuba 150 a ɗakin ki gwada barinsu da bakinsu.

Alhaji Sabo: Da kuɗinka za ta gwada?

Maman Khalifa: Ku dai bari in ga ƙwan waɗannan tukuna. Wa ke da ɓuntun shinkafa busasshe kusa da Auyo? Buhu 15 nake so, amma sai wanda zai kawo har gida, mai kurar unguwarmu ya tafi cirani.

Ado Direba: Jibi zan wuce da mota ba kaya. Ki tanadi buhunan.